Zoben Kunamar Bindigar Baba

Ƙusar ce kawai ta gaji. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya jingina da bango. Ina kan keken ɗinki da hantsi, da allura a baki, sai na ji ƙara daga ɗakin Baba. Na fito a guje ko takalmi ban sa ba. Na tarar da shi tsaye a tsakiyar ɗaki, bindigarsa ta farauta tana kwance a siminti, ƙusar da take rataye a kanta ta fito da guntun bango a jikinta.

Gindin katakon bai yi komai ba, bakin ma lafiya lau. Abin da ya karye shi ne zoben nan na ƙarfe da ya kewaye kunama, wanda ke hana wani abu ya taɓa ta ba da niyya ba. Ya tsage gida biyu, ɓangare ɗaya yana lilo.

Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, rabonsa da daji har na manta. Amma kullum da safe sai ya sauko da bindigar nan, ya zauna a bakin ƙofa, ya warware ta, ya goge, ya mayar. Tun da Inna ta rasu aikinsa ke nan. Ni kuwa da na dawo gida don in kula da shi, na gane cewa ranar da ya goge bindiga yana cin abinci, yana tsokanar jikoki, har ya yi mini faɗa a kan shayi ya yi sanyi.

Da yamma Yaya ya zo. Yayana direban babbar mota ne, mutumin kirki, amma in ya yanke magana ko da guduma ba ka sauya ta. Ya juya bindigar a hannu, ya sa yatsa ya kaɗa karyayyen zoben.

"Baba, wannan ta gama aiki," in ji shi. "Kunama a fili, ga yara suna shige da fice. Gobe zan yi tafiya. In na dawo na same ta haka, zan ɗauke ta da takardunta in miƙa wa hukuma, kowa ya huta."

Ni ce na ce, "In kuma ka same ta a gyare fa?"

"In an gyara, ta zauna. Wa zai gyara? Ke?"

Ya yi dariya, ya ɗauki makullin motarsa ya fita. Dariyar nan ta tsaya mini a rai.

Washegari Baba bai fito bakin ƙofa ba. Na kai masa abinci, na dawo na kwashe shi yadda na kai. Na ce ya ba ni zoben in kai wa mai walda na bakin titi. Ya juya mini baya a kan gado ya ce ko noti ɗaya na bindigarsa ba ya ƙetare ƙofar gidan nan sai a hannunsa, haka take tun kafin a haife ni. Na je wurin mai walda na ce to shi ya zo gida. Wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, kowa Dogo yake ce masa. Ya ɗaga baƙin tabarau zuwa goshi ya dube ni.

"Bindiga? Baiwar Allah, ni ko hotonta ba ya shiga shagona, ni ma ba na zuwa inda take. Salansa nake yi, da ƙafar kujera, da tankin babur."

"Tana da takardu fa."

"Allah ya ƙara mata. Ba ni ciki."

Tsoho a gida ya kafe, tsoho a titi ya kafe, ni a tsakiya. Raina ya ɓaci, na ce, "To koya mini, in yi da kaina." Wallahi da gatse na faɗa. Shi kuma ya ɗauka da gaske, ko kuma ya so ya ga ƙarshen bakina. Ya ce koyarwa ba laifi ba ce, abin da mutum ya je ya yi a gidan ubansa kuma ba ruwansa. In zo da sassafe, in ɗaure mayafi tamau a baya, kada in sa kayan leda.

Shagon nasa rumfar kwano ce a jikin wani bango. Tukwanen gas biyu a ɗaure da sarƙa a kan amalanke, ɗaya doguwa ɗaya gajera, kowace da agogonta. Tiyo biyu, ja da shuɗi, sun taho sun haɗu a wani bututun tagulla mai lanƙwasasshen baki, nan wutar ke fita. A ƙasa kuwa tarkacen ƙarfe ne har inda ido ya kai. Ya ba ni tabarau mai warin zufar mutane da yawa, ya nuna mini wace tukunya ake fara buɗewa, wace ake fara rufewa, ya sa na maimaita har na ƙosa.

Da na kunna da kaina, wata jar wuta ta tashi da baƙin hayaƙi, toka tana sauka mini a hanci. Na ƙara iska kamar yadda ya ce, sai ta yi fau ta mutu da ƙara. Na yar da bututun na yi tsalle baya, har na taka bokitin ruwa. Mai faci na kusa ya riƙe ciki.

"Dogo, ka samu sabon ma'aikaci! A ɗinka mana ƙarfe da leshi!"

Na ce masa ya ji da tayarsa, tun da aikinsa bai wuce hura iska ba. Na sunkuya na ɗauki bututun.

Wutar da ake so ƙarama ce, shuɗiya, da ɗan farin harshe a tsakiya wanda bai kai ƙwayar wake ba. Ba ta ihu, ba ta hayaƙi. Sai da na yi kwanaki kafin hannuna ya san inda zai tsaya ta fito haka. Daga nan Dogo ya jefo mini guntayen ƙarfe biyu da siririyar wayar ciko, ya ce in haɗa.

Na haɗa kuwa. Na narka wayar a kan tsagar, ɗigo bayan ɗigo, na jera su reras. Ni tela ce, na san layi. Na miƙa masa ina jiran yabo. Ya ɗora a kan wani guntun dogo na jirgin ƙasa da yake amfani da shi a matsayin maƙera, ya ba shi guduma ɗaya. Ƙarfen ya rabu biyu, ɗigon nawa suka watse a ƙasa.

"Kashin kaji," in ji shi. "Kin ɗora a sama ne kawai. Ba waya ake narkawa ba. Ƙarfen ake narkawa, gefe da gefe, har su yi ɗan tafki su zama ruwa ɗaya. Sannan ki tsoma wayar a cikin tafkin, shi zai sha abin da yake so."

"Ai na ga ya yi ja."

"Ja ba narkewa ba ne. Jira."

Jira! Ni da ban iya jiran ruwan shayi ya tafasa ba. Na matsa wutar kusa don a yi ta ta ƙare, sai ƙarfen ya huje, rami ya buɗe da za ka zura ɗan yatsa. Na ja baya, ya ƙi narkewa. Na matsa, ya huje. Ranar na huda ƙarfen da zai isa a yi rariya. Tartsatsi ya shiga mini takalmi, na yi rawar da ban yi ba ko a ƙuruciya, mai faci yana buga taya yana ba ni kiɗa.

Da azahar nake komawa gida in hau keke, don masu ɗinki ba ruwansu da walda. Wata ta zo karɓar rigarta ta ce yadin yana warin gareji. Na ce turare ne sabon shigowa. Hannuwana duk suka yi tabo, farcena ya yi baƙi. Ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ke cin raina Baba ne. Ya nannaɗe bindigar a tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado. Yana cin loma biyu ya ture kwano. Jikoki su shigo, ya ce kansa na ciwo. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, kuma ni na ɗinka rigar, na san yadda take zaune a da. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba tun jinyar Inna.

Wata safiya ina riƙe da wutar, na gaji har na daina ƙoƙari. Hankalina ya tafi gida. Sai na ga ta cikin tabarau gefen ƙarfen nan ya yi sheƙi, ya yi laushi, ɗaya gefen ma haka, suka gangaro suka haɗu. Ɗan tafki mai walƙiya, yana rawa a ƙarƙashin wutar. Na tsoma waya, ya sha. Na matsa gaba kaɗan, tafkin ya biyo ni. Na riƙe numfashi har ƙarshen layin.

Dogo ya ɗauka da awartaki, ya bar shi ya huce, ya ɗora a maƙera. Ya buga, ya sake bugawa, ya juya ya buga. Ƙarfen ya lanƙwashe, amma haɗin bai buɗe ba. Bai ce na yi kyau ba. Ya jefo mini wasu guntayen, sirara a wannan karon, ya ce, "Na gidan naku ai ba kauri gare shi ba, ko?" Daga ranar sirara kawai yake ba ni, masu lanƙwasa, yana bugawa, wasu su fashe, wasu su tsaya. Sannu a hankali masu tsayawa suka fi yawa. Mai faci ma ya daina kiɗa, har ya kawo mini hannun bokitinsa in haɗa masa.

Matar Yaya ta kira ni ta ce ya kamo hanya, yau da la'asar yana gida. Na gaya wa Dogo. Sai ya kwance sarƙar amalanken daga jikin ginshiƙi.

"Ban san abin da za ki yi da su ba, kuma kada ki gaya mini. Ki ajiye su a inuwa, a tsaye. Ki dawo mini da su kafin magariba."

Da kaina na turo amalanken har tsakar gida, unguwa tana kallo. Na share wuri, na kori yara gidan maƙwabta, na ajiye bokitin ruwa da bulo biyu. Sannan na shiga wurin Baba na durƙusa.

"Baba, ba za ta fita ba. Wutar ce ta zo gida. Zoben kawai za ka kwance mini."

Ya daɗe yana kallon inda nake. Ya jawo bargon, ya buɗe bindigar ya tabbatar ba komai a cikinta, ya lalubi notunan da yatsa ya kwance su. Ya zuba mini guntaye biyu a tafin hannu, bai sake su da wuri ba.

Na goge bakin karayar da magagari har ya yi fari, na jera su a kan bulo, na yi bisimilla na kunna. Na dafe gwiwar hannu a cinya. Ƙarfen ya yi ja, na jira. Wallahi na jira. Tafkin ya zo, ɗan mitsitsi, na tsoma waya, na bi shi har ƙarshe. Ko huji ɗaya babu.

Da na ɗaga shi da filaya ina dubawa, sai na ga zoben ba daidai yake ba. Ta gefen dama ya buɗe, ya yi ciki kamar an danna shi waje. Na ce lallai faɗuwar ce ta karkatar da shi. Ni kuwa idona ba ya iya ganin karkataccen abu ya ƙyale, ko labulen gidan mutane ne sai na gyara. Na sake ɗumama wurin, na matse da filaya a hankali har zoben ya dawo daidai, gefe da gefe kamar na kanti. Na bar shi ya huce, na bi shi da magagari da samfefa, na shafa mai. In ba an nuna maka ba, ba za ka ce ya taɓa karyewa ba.

Ina cikin ɗaure notin ƙarshe Yaya ya yi sallama, da ƙurar hanya a jikinsa. Ya ga tukwanen gas, ya ga tabarau a goshina, ya buɗe baki. Na miƙa masa bindigar. Ya ja zoben, ya murɗa, ya ƙwanƙwasa da makulli.

"Ke kika yi wannan?"

"A'a, aljanu ne."

"Kai! To, magana ɗaya ce. Ta zauna."

Daɗi ya kama ni har kunne. Na ɗauka na kai wa Baba, wanda ya fito bakin ƙofa a karon farko tun ranar da bindigar ta faɗi. Ya karɓa, ya shafa gindin, ya shafa bakin, ya kai hannun dama wurin kunama. Sai ya tsaya. Ya sake gwadawa. Yatsansa ya ƙi shiga.

Yatsan nan na nuni na san shi tun ina yarinya. Ya taɓa karyewa a daji, ya ɗore a karkace, gaɓar ta yi kauri. Da shi yake nuna mu in mun yi laifi. Ban taɓa kawo shi kusa da zoben nan a raina ba.

"Na buɗe shi da kaina," in ji Baba a hankali, "shekarar da yatsan ya warke."

Ya ɗora bindigar a cinyarsa, ya janye hannunsa ya sa a cikin riga. Kunya ta rufe ni. Ni da ba na sa almakashi a yadi sai na auna mai shi, na zo na gyara wa mutum abinsa ban ko dubi hannunsa ba.

Yaya ya matso kusa da ni ya rage murya. "Ki bar shi haka. Wallahi haka ya fi. Ga ta a gida, ga shi ba zai iya harbawa ba. Kowa ya samu abin da yake so."

"Kowa ban da mai ita."

"Ke dai ba kya jin magana. In kika sake sa wuta ya karye fa? Na faɗa miki, karyayya ba za ta kwana a gidan nan ba."

Gaskiyarsa ce, wurin da zan buɗe yana dab da haɗin, kuma siririn ƙarfe ba ya son a yi ta kai shi wuta ana dawowa. Na dubi Baba. Ya sunkuyar da kai, bindigar tana kan cinyarsa kamar ajiyar wani. Na ce a raina ban ƙona hannuna don in rataya wa bango ado ba.

"Baba, kawo hannunka."

Na yanko guntuwar wayar ciko, na zagaya ta a gaɓar yatsan, na bar 'yar sarari yadda nake barin wuyan riga, na murɗe bakin. Na kwance zoben na mayar kan bulo. Yaya yana ta faɗa a bayana, na ce in ba zai riƙe mini filaya ba ya matsa daga haske. Ya yi tsaki, ya tsuguna, ya riƙe.

Na kunna wutar, na rage ta, na kai ta gefen dama nesa da haɗin iya yadda zan iya. A wannan karon ba tafki nake nema ba, ja kawai. Da ya yi ja na sa ɗaya filayar na buɗe kaɗan. Na gwada da wayar, ba ta wuce ba. Na sake ɗumamawa, na ƙara. Ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara, Yaya ya ce, "Shi ke nan!" Na ɗaga tabarau na duba. Ɓawon sama ne ya tashi, haɗin yana nan. Na ƙara buɗewa kaɗan, wayar ta wuce.

Muka tsaya mu uku muna kallon ɗan ƙarfe yana hucewa a kan bulo. Ya yi baƙi, ya karkace, duk kyan da na yi masa ya tafi. Yaya ya ɗauka ya murɗa da ƙarfinsa na direba, bai motsa ba. Baba ya miƙo hannu, ya ɗaura notunan da kansa.

Yatsan ya shige kamar bai taɓa fita ba. Baba ya gyara zama, ya ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, ya saita ta sama wajen bango. Bakin bindigar yana rawa, hannun hagu ya kasa tsayar da shi. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke.

"Babba," ya kira Yaya. "Shiga ɗaki, a ƙasan akwatina akwai gwangwanin harsashi. Ka tafi da shi duka, ka kai inda za ka kai. Ko bangon nan ba na gani sosai, na daɗe da sani."

Yaya ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya shiga. Ya fito da gwangwanin a hannu biyu, ya rasa inda zai sa idonsa. Ni kuwa na mayar da tabarau kan fuskata, don hawaye sun zo kuma ba na so a gani. Baba bai dubi ko ɗayanmu ba, yatsansa yana cikin zoben.

"Ke," ya ce, "ƙarfen nan da sauran ɗumi."

"Kawo in sa masa ruwa, Baba."

"A'a. Bar mini shi haka."